Bututu Ɗaya a Gidan Meto

Babban bututun ƙazanta ya iso layinmu ana tsakiyar shanyar taba, lokacin da ba mai hannun da zai ko sosa ƙeyarsa. Tun ina amarya ake yi mana alkawarinsa, sai ga shi ya zo bayan na binne miji, gwiwata kuma ta daina jin magana. Aka tara mu a farfajiyar makaranta, wani daga ƙaramar hukuma ya yi ta karanto mana dokoki har muka fara hamma. Yawancinsu na kaurin bututu ne da yawan gangarar da za a ba shi, waɗannan mun bar wa maza. Amma akwai waɗanda suka shiga kunnen kowa. Ramin da aka shimfiɗa bututu a ciki ba a rufe shi sai duba-gari ta zo ta gani da idonta. Tsohuwar salgar da ke bayan kowane gida kuwa, a gabanta za a zuba mata farar ƙasa a cike ta, ranar da aka haɗa gidan da bututun. Sannan duk ginin da mutum ke kwana a cikinsa, ko ɗaki ɗaya ne, sai an ja masa nasa bututun.

Ana karanta wannan ta ƙarshen kowa ya sami abin kallo a kan takalminsa. Ba wanda ya waiwayi Meto, kuma da an waiwaye shi ma da ya fi masa sauƙi.

Meto maƙwabcina ne, shingen waya ne kawai tsakanin gonar tattasaina da tsakar gidansa. A gabana ya koyi tafiya, yanzu ga shi da furfura a gemu. Ubansa, Baba Kuzman, shi ya tsaya mana a matsayin uba ya riƙe mana kambi a coci ranar aurena, don haka a wurina ya wuce maƙwabci. Da hannunsa ya ɗora gidan benen da suke ciki, bulo bayan bulo, a shekarun da taba ke da daraja. Bayan rasuwar matarsa tsufa ya far masa lokaci guda. Banɗakin gidan yana sama, fari tas da tayil, Zaharinka matar Meto tana goge shi kamar kwanon cin abinci. Ranar da iyayen saurayin jikarsa suka zo gaisuwa daga birnin Prilep, tsohon ya tashi zai hau sama, ƙafa ba ta kai shi ba. Abin ya same shi a tsakiyar matakala, a kan sabuwar darduma, baƙi na riƙe da kofunan gahawa.

Ba wanda ya yi masa faɗa, ina wurin, ba labari aka ba ni ba. Zaharinka ta naɗe dardumar ta fita da ita ba ta ce uffan ba, Meto ya ƙara wa baƙi barasa. Washegari Baba Kuzman ya ɗauki bargonsa ya nufi rumfar taba da ke ƙarshen gidan, ya ce zai kwana biyu can ya lura da ganyen, wai ɓarayi sun yi yawa. A ƙauyen da ko kaza ba a taɓa sacewa ba. Ba wanda ya ce masa ya tafi, ba kuma wanda ya ce masa ya dawo. Da sanyi ya shigo Meto ya toshe ramukan bangon rumfar, ya kafa masa murhun itace, ya fitar da bututun hayaƙi ta taga. Tun daga nan can yake kwana, salgar da ke bayan rumfar ita ce tasa, taku kaɗan ne daga ƙofarsa.

Kowa a layin ya sani, kowa kuma ya iya rashin sani. Gadonsa na ɗakin ƙasa a babban gida kullum a gyare yake, ga hoton matarsa a bango. Kowace shekara, ranar bikin waliyyin da ya ci sunansa, a kan sa masa farar riga a zaunar da shi a kan tebur, mu shiga mu sumbaci hannunsa, mu ci mu sha, mu yaba wa Meto da riƙon uba. Da yamma in kowa ya watse sai in hango shi ta cikin waya yana komawa rumfa da sandarsa. Shekara da shekaru muna wannan wasan, har mun ƙware.

To ga doka ta zo da abin da ba ta san ta zo da shi ba. In Meto ya ja bututu zuwa rumfar, rami ne zai ratsa tsakar gidan tun daga ƙarshe har bakin titi, a buɗe, kowa ya wuce ya gani. In bai ja ba, rumfar ta zama ba gidan kowa ba, salgar kuma dole a cike ta, tsoho ya rasa inda zai zaga.

Wata safiya na ga Meto yana zuba farar ƙasa a ƙasa don shata layin da za a haƙa. Layi ɗaya ne, daga gindin bene zuwa ƙofa. Na ajiye kwandon tattasai na matso jikin waya. Ni dai bakina ba ya riƙe abu, mijina ma har ya mutu yana cewa in an rasa ƙararrawar coci a kira Menka.

"Meto, farar ƙasar ce ta ƙare maka? Ina da saura in ba ka."

"Ta ishe ni, Inna Menka."

"Na ga layin bai kai wurin Baba ba."

Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce ni ban gane ba. Ya ce in ya ja bututu can, to ya rubuta a ƙasa ke nan da hannunsa cewa rumfar taba ce gidan ubansa har mutuwa. Shi kuwa so yake tsohon ya dawo ciki kafin sanyi. In aka cike salgar ai dole ya dawo, ba sai an roƙe shi ba. Na ce masa bara ma kafin sanyi ya ce, bara waccan ma haka. Na ce ko ya taɓa buɗe baki ya ce masa Baba dawo? Ya ce ai Baba ya sani. Na ce ni ma na san akwai teku a Girka, amma ban taɓa jiƙa ƙafata a ciki ba.

"Inna Menka, ki bar ni da abin da ya dame ni," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kin ɗauka barci nake yi?"

Wannan ta ɗan sanyaya mini jiki, don na san ba mugu ba ne. Matsoraci ne kawai, irin tsoron da ke kama mutumin kirki a gaban matarsa da ubansa da maƙwabta duk a lokaci guda. Amma ban fasa ba. Na rantse masa cewa ranar da duba-gari ta zo, in ta tambaya, ni zan faɗa.

Ranar Asabar aka yi masa gayya, kamar yadda aka yi wa kowane gida a layin bi da bi. Maza suka zo da diga da cebur, mu mata muka ɗora wake a kaskon ƙasa, muka gasa tattasai, aka fito da cuku da burodi. Hannun kowa baƙi ƙirin da danƙon taba, ko sabulu ya gaji da mu. Krume mai gyaran tarakta, wanda in ya yi shiru to abinci ne a bakinsa, shi ke gaba a rami yana tsokanar kowa. Ya ce yau dai za a ga ƙarshen girman kai a ƙauyen nan, tunda na mai bene da na mai bukka duk a bututu ɗaya za su haɗu su tafi tare. Ya ce da Meto ya ƙara gangara, don mutanen gidan nan wake suke ci safe da yamma. Aka yi ta dariya, har Zaharinka ta jefe shi da ɓawon albasa.

An fito wa Baba Kuzman da kujera a barandar babban gida, an sa masa hularsa ta zuwa coci. Duk wanda ya shigo sai ya gaishe shi a matsayin maigida. Shi ma ya riƙe matsayin da kyau, yana nuni da sanda, yana cewa a nan akwai dutse, a can ya taɓa binne kare. Sau ɗaya kawai ya tashi, wajen azahar. Ya sauko a hankali, ya bi gefen rami, ya wuce ƙofar babban gida, ya miƙe zuwa bayan rumfa. Duk digogi suka ci gaba da sara, ba wanda ya ɗaga kai. Ban taɓa ganin maza sun ba aiki hankali irin na wannan ɗan lokacin ba.

Kafin rana ta faɗi an shimfiɗa bututu a kan yashi, an gina ɗan ramin dubawa a bakin ƙofa. Aka bar komai a buɗe ana jiran duba-gari.

Ranar da za ta zo, da sassafe na ji ana jan ƙarfe a ƙasa. Na leƙa sai na ga Meto da Zaharinka sun kinkimo gadon tsohon daga rumfa, suna tsallaka rami da shi zuwa babban gida. Suka dawo suka kwashe katifa, da rediyonsa, da kwalaben magani, da ɗan hoton waliyyin da yake kunna wa fitila. Sannan suka shiga rataye igiyoyin taba a inda gadon yake, jeri-jeri, har ba a ganin bango. Baba Kuzman na zaune a kan kututture yana miƙa musu igiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Zuciya ta ɗebe ni. Na zagaya na shiga gidan ko sallama ban yi ba, na tarar da Zaharinka ita kaɗai tana share ƙasan rumfar. Na ce mata sannu da aiki, ashe yau ake tashin ɗan haya. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Na zaci za ta yi mini rashin kunya in samu abin da nake nema, sai ta yi magana a hankali.

"Inna Menka, ni na yi jinyar uwarsa har ta cika. Ni na wanke ta, ni na juya ta, na tashi da asuba na tafi ɗinki a masana'anta. Wannan dardumar ban taɓa ambatonta ba. Ko sau ɗaya."

"Shi ne ai. Da kin ambata da ya wuce."

"Kullum in na kai masa abinci sai ya juya fuska bango. Me zan ce masa? Ki gaya mini, tunda ke kin iya magana."

Na juya na bar ta da tsintsiyarta. Na fito ina huci, sai na ji an kama gefen zanen da na ɗaura a ƙugu. Baba Kuzman ne, daga kan kututturensa. Ya ce in zauna, na ce ba zama ya kawo ni ba. Ya ce ya ji na rantse zan yi magana.

"Zan yi, Baba. Bututu ɗaya ne za su ƙara maka, da ɗan banɗaki a jikin rumfa. Ba gidan sama ka roƙa ba."

"In kin faɗa, wa kika taimaka?"

"Kai mana."

"Ni na kusa tafiya, Menka. Shi zai zauna a layin nan. 'Yarsa na gidan mutane a Prilep, za su ji." Ya saki zanen. "Ban taɓa roƙonki komai ba tun ranar da na riƙe miki kambi. Yau na roƙa."

Na ce to ina zai riƙa zagawa? Ya ce wannan matsalarsa ce, shi da ya yi soja a kan duwatsu. Ya yi 'yar dariya don in taya shi, na ƙi.

Duba-gari ta iso da hantsi a ƙaramar motar hukuma. Dafinka sunanta, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙaramar 'yata ba, da takalmin roba har gwiwa. Ta riga ta yi gidaje da dama a layin, mun san halinta, ba ta da tsanani amma ba ta tsallake komai. Mutanen gayya duk sun dawo, don in ta amince nan take za a mayar da ƙasa, a ci abinci. Zaharinka ta tare ta da cokalin dafaffen ɓaure mai sukari da kofin ruwan sanyi. Ta sha, ta gaida Baba Kuzman a baranda, ta sauka cikin rami.

Ta bi bututun daga farko har ƙarshe, tana ɗora ma'auninta a kai, tana taɓa kowace mahaɗa. Sannan ta tsaya a kan ramin dubawa ta ce a hau sama a saki ruwa. Zaharinka ta hau. Muka yi cirko-cirko, manya da mu, muna leƙen rami kamar za a fito da jariri. Can sai ga ruwa ya taho sulu ya wuce zuwa babban bututu. Krume ya cire hula ya yi masa bankwana, ya ce ya gaida mutanen Prilep. Aka tafa, Meto ma ya yi murmushi, karo na farko a ranar.

Dafinka ta ce saura bayan gida. Muka bi ta a baya, tafin ya mutu a hanya.

Ta tsaya a ƙofar rumfa ta leƙa. Taba ce ko'ina, tana ƙamshi, ƙasa a share. Amma ba a share komai ba. Bututun hayaƙin na nan ya leƙo ta taga, bangon da ke samansa baƙi da hayaƙin shekaru da yawa. Daga ƙofar rumfar zuwa ƙofar salga kuwa ga hanya nan a cikin ciyawa, siririya, ta daddaɓe har tana sheƙi, gefenta duk ƙananan ramuka na bakin sanda. Ta dubi hanyar, ta dubi sandar da ke hannun Baba Kuzman, wanda ya biyo mu a hankali ya tsaya a bayan kowa. Sannan ta juya ga Meto.

"Akwai mai kwana a nan?"

Meto ya juya yana kallon igiyoyin taba. Zaharinka ta sauko daga bene ta tsaya nesa, hannuwanta a cikin aljihun riga.

Yarinyar ba ta so ta ƙure shi ba. Ta ce in akwai ba laifi ba ne, ba tara, ba komai. Reshe ɗaya za a ƙara, ta bar salgar yadda take har a gama, ta dawo wani makon. Ta ce gidaje da yawa haka suka yi. Ta buɗe masa ƙofa har iyakarta, abin da ya rage kawai ya ce e. Maza fiye da goma suna tsaye da cebur, da za su haƙa masa ramin kafin la'asar. Ni kuma maganar na nan a kan harshena, har na ja numfashi. Na dubi Baba Kuzman, ya dube ni, na haɗiye ta. Ɗacinta har yau yana wuyana.

"Ba kowa, 'yata," in ji tsohon daga baya.

Aka dare aka ba shi hanya. Ya matso yana dogara sanda, hularsa ta coci a kansa.

"Ba kai na tambaya ba, Baba," ta ce da ladabi.

"Ai ni ne maigidan. Ni na gina wurin nan. Taba ce ke kwana a ciki, sai ɓeraye."

"Murhun fa?"

"In damina ta yi tsawo ganye ba ya bushewa."

Duk wanda ya taɓa shanya taba ya san ba a yi mata haka, ita ma ta sani, 'yar ƙasar nan ce. Ta daɗe tana kallonsa. Fuskarta ta yi ja kamar ita aka kama da ƙarya.

"Baba, ka tabbata? In na ce a cike, an cike ke nan. Ba a sake buɗewa."

"Ɗakina na can ƙasan bene, je ki gani. Gado da katifa, har biyu ma. Yaron nan bai rage ni da komai ba."

Ya faɗi haka da ƙarfi don na bakin ƙofa ma su ji. Krume ya so ya yi wasa da maganar ɓeraye, ya fara, ya ji muryarsa ita kaɗai a tsakar gidan, ya bari. Meto yana kallon ƙasa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasar ta tsage in shige, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Tsoho ya tsaya a gabanmu yana yi wa ɗansa ƙarya don ya rufa masa asiri a wurin mutanen da suka riga suka san komai, mu kuma muna gyaɗa kai muna taya shi.

Dafinka ta ce to, a kawo farar ƙasa. Aka ɗaga 'yar bukkar katakon da ke kan salgar, maza huɗu suka ajiye ta gefe. A jikin bangonta daga ciki akwai wani ƙarfe da Meto ya kafa wa uban don ya riƙa kamawa in zai tashi, ya goge fes saboda riƙo. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Aka zazzage buhun farar ƙasa a ramin, aka turo baro cike da ƙasa. Sai aka tsaya. Waɗannan mazan da suka cike salgar kowane gida a layin suna raha, yau kowa ya riƙe ceburinsa kamar an ba shi ajiya.

Baba Kuzman ya jingine sandarsa, ya karɓi cebur daga hannun Krume. Ya cusa shi a baro, ya ɗago da ƙyar, rabin ƙasar ta zube a kan takalminsa kafin ya kai bakin rami. Ya koma zai ƙara.

"Kawo, Baba."

Abin da Meto ya faɗa ke nan duk ranar. Ya karɓi ceburin, ya shiga zuba ƙasa da sauri kamar ana korarsa, bai bar kowa ya taya shi ba. Ya cike ramin shi kaɗai, ya daddaɓe da bayan cebur, gumi da wani abin da ban san ko mene ne ba suna zuba daga haɓarsa. Dafinka ba ta tsaya cin abinci ba. Ta ce tana da gidaje a gaba, alhali mun san na Meto ne na ƙarshe.

Aka mayar da ƙasa a kan bututu, aka jera tebura a gaban gida. An ci, an sha, an ɗaga kofi don lafiyar maigida. Na zauna kaɗan don kada a ce na yi fushi, sannan na koma gida.

Rana ta kusa faɗuwa ina tsinke tattasai a jikin waya, sai na hango Baba Kuzman ya taso daga kututturensa. Ya nufi bayan rumfa kamar kullum, ya yi rabin hanya ya tuna, ya tsaya. Ya juyo ya nufi ƙofar baya ta babban gida. A ciki ana ta hayaniya, matan layi sun hau sama suna gwada sakin ruwa suna shewa. Ya dafa bango ya cire takalmi ɗaya. Ya tsaya a haka da ƙafa ɗaya a safa, yana kallon matakala. Sannan ya mayar da takalmin.

Na sunkuyar da kai cikin tattasai don kada ya san na gani. Jim kaɗan na ji sanda a bakin ƙofata. Na je na buɗe. Yana tsaye da hula a hannu, mutumin da na sumbaci hannunsa ranar aurena, idonsa a kan ƙofar ba a kaina ba.

"Menka, naki a ƙasa yake, ko?"

"A ƙasa yake, Baba. Shigo."

"Ba zan ɓata miki ba."

"Shigo, don Allah, ka daina."

Ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya, ya rage murya, sai dai muryar kurman tsoho ba ta raguwa.

"Kada ki gaya wa Meto. Zai ji kunya."

Ya wuce ciki yana jan ƙafa. Na juya zan rufe ƙofa, sai na ga Meto a tsugune a bakin famfon tsakar gidansa, dab da waya, yana wanke cebur. Bai ɗago ba, ni ma ban kira shi ba. Ceburin ya daɗe da fita tas, amma ya ci gaba da riƙe shi a ƙarƙashin ruwan.